"Wannan ba ya ciki": kafin ka ciro kuɗi, ka ce a rubuta maka

Duk wanda yake zaune a Garwa ko Marwa ko Ngaundare nan arewacin Kamaru ya sha jin sanarwar nan a rediyo: yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ganin likita kyauta, maganin zazzaɓin sauro kyauta, mai ciki ta sayi shek, wato takardar da take ɗauke mata kuɗin asibiti, na sefa 6,000 shikenan har ta sauka, mai wankin ƙoda ya biya 15,000 a shekara maimakon 5,000 duk zama. Kuma ba ƙarya bane, haka CSU, tsarin gwamnati na kiwon lafiya ga kowa, yake a takarda tun ranar 12 ga Afrilun 2023 da ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da shi a Mandjou can kusa da Bertuwa. Amma kuma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ya san ɗayar maganar da ba'a faɗa a rediyo, wadda ake jefo maka ta ƙaramar taga ko ɗago kai ba'a yi ba: "wannan ba ya ciki." Ko 'yar uwarta, "ya ƙare, je ka saya a waje."

Ni ba likita bane ba lauya ba, shagon fotokofi da buga takardu nake da shi, amma karne na asibiti da ordonans na magani da rasit na rabin unguwarmu sun bi ta hannuna, kuma ni nake buga wa mutane wasiƙa da Faransanci in wani abu ya haɗa su da ofis. Abin da na daɗe ina gani shine, mu in an hana mu a taga iyakarta mu yi tsaki, mu ce Allah ya isa a zuci, mu ciro kuɗi ko mu je cin bashi. Ba mai tambayar wa ya hana, da wane dalili, a wace takarda aka rubuta. Alhali hanawar nan tana da uwa tana da uba, kuma sau da yawa ba a tagar aka haife ta ba.

Shek ɗin masu ciki ai ya girmi CSU. Tun 2015 aka fara shi a nan jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da kuɗin Faransa da na Jamus ta hannun AFD da KfW, saboda binciken da aka yi a 2011 ya nuna mata 782 ne ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Kamaru, kuma nan wajenmu ne aka fi haihuwa a gida. Abin da shek ya ɗauka ba kaɗan bane: awon ciki, ekografi, haihuwa, tiyata in ta kama, matsalar da ta taso saboda cikin, ɗaukar mace zuwa babban asibiti in an tura ta, sannan kula da uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. Wanda ya san lokacin da kit ɗin tiyata kaɗai yake 40,000 ba zai raina wannan ba, ni dai bana cikin masu cewa duk yaudara ce, na ga matan da ya ceta da idona.

To amma tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa ita ce, jaka shida ta isa tiyata? Bata isa ba mana. Kenan akwai wanda yake cike gibin, kuma tsakanin wancan mai cikewa da asibitin akwai kwangila, wadda mu marasa lafiya bamu taɓa gani ba amma ita ce take yanke mana hukunci. Da farko ba kowane asibiti bane yake karɓar shek, sai wanda aka duba aka amince da shi ya sa hannu a yarjejeniya. A cikin yarjejeniyar an yanka farashin kowane aiki, haihuwa kaza, tiyata kaza, kuma an faɗi irin magungunan da za'a yi amfani da su, galibi na jerin gwamnati masu sauƙin kuɗi ba masu manyan sunaye ba. Asibiti zai yi wa mace aiki bashi, ya tara takardu, ya haɗa faktir, wato takardar neman biya, ya aika wa asusun lafiya na jiha wanda suke kira FRPS, a shigar da komai a manhajar kwamfuta mai suna openIMIS, sai likitan tantancewa ya zauna ya bi dosiye ɗaya bayan ɗaya. In ya ga babu sa hannu, ko lambar shek bata yi daidai da suna ba, ko an rubuta maganin da ba ya cikin jeri, ko ba'a bi ƙa'idar jinya ba, sai ya soke layin. Wanda ya tsallake kuma sai ya shiga layin jiran kuɗi, kuma jinkirin biyan nan ba sirri bane, jaridu sun sha rubutawa, ma'aikatan lafiya sun sha kuka da shi.

Ka ɗauka kamar mai shago ne wani babban mutum ya ce masa duk wanda ya zo da takardata ka bashi kaya ni zan biya. Wata ya ƙare ya kai littafi, aka soke masa layi biyar aka ce rubutun bai fito ba, sauran kuma aka ce ya dawo. Wata na biyu haka, na uku haka. Ran da ka shigo da takardar babban mutum, mai shagon nan da wace fuska zai tarbe ka, kuma ma me ya rage a kan kanta?

Haka farmasin asibiti yake ƙarewa. Shima da kuɗi yake sayo magani, daga wancan asusun na jiha wanda shi kuma yake ɗaukowa daga CENAME, babban rumbun maganin gwamnati na ƙasa, in kuɗi sun maƙale a hanya kanta sai ta bushe, sai nas ta ɗauki biro ta rubuta maka ordonans na waje. Shi yasa nake cewa "ba ya ciki" ɗin nan ba iri ɗaya bace. Wani lokacin gaskiya ce tsantsa, abin ba ya cikin tsarin tun asali, misali mai ciki ta zo da ciwon haƙori ko mijinta yana so a haɗa masa maganin bayansa a kan shek ɗinta (kar ku yi dariya, ana yi). Wani lokacin yana ciki sarai amma babu shi a kanta. Wani lokacin kuma yana ciki, yana kan kanta, aljihun wani ne kawai yake jin yunwa. Ukun nan daga bakin taga duk sautinsu ɗaya, ba abin da yake raba su sai rubutu, dan mai gaskiya baya jin tsoron rubutawa, mai kanta a bushe ma zai rubuta tunda shima yana neman shaida, na ukun ne kawai zaka ga ya fara kame-kame.

Kwanaki wata goggonmu ta shigo shago da leda baƙa a ƙulle, ta kwance ta zazzage min a kan tebur: karne na surukarta duk ya sha mai a gefe, shek ɗin a ninke huɗu, da wata 'yar takarda da aka yago daga littafi an rubuta magani layi huɗu, babu hatimi babu suna babu kwanan wata, sai wani guntun kwali da mai kemis ya rubuta jimilla a baya da fensir. Fotokofi ta zo yi dan ta aika wa ɗanta dake Duwala ya turo kuɗin da ta ranta.

Nace "Goggo, wa ya ce miki ba ya cikin shek?"

Tace "wata yarinya mai farar riga."

"Sunanta fa?"

"Kai ɗan nan, ni ina na san sunanta? Yarinya na kwance tana naƙuda zan tsaya tambayar suna? In na ɓata musu rai su ƙyale min ita fa?"

Wannan maganar tata ta ƙarshe ita ce gaskiyar lamarin kuma bana ganin laifinta ko kaɗan. Ba wanda yake jayayya da mai riƙe da allura. Shi yasa ni shawarata kullum, in rai na cikin haɗari a biya tukun, a sayi maganin, rigima ta jira. Amma a biya da rasit. Bayan an yi suna muka koma tare da ita wajen majo, wato babban nas mai kula da sashen, na gaishe shi yadda ya kamata nace ranka ya daɗe ba ƙara muka kawo ba tambaya ce, cikin layi huɗun nan wanne shek ya ɗauka wanne bai ɗauka ba. Mutumin ya duba ya ce biyu suna ciki amma a makon sun yanke musu, ɗaya akwai madadinsa a farmasinsu da an tambaya, na huɗun ne kawai ba ya ciki. Nace to a taimaka a rubuta mana haka. Ya ɗan yi jim, sannan ya rubuta ya buga hatimi. Kuɗin da goggo ta kashe a waje dai basu dawo ba, guntun kwali ba rasit bane ba inda zai shiga, amma da aka koma awon jariri ba wanda ya sake miƙa musu takardar waje, kuma takardar majon nan ta tafi gaba cikin wasiƙar da muka rubuta.

Gaban shine inda mutane basu sani ba. Sama da majo akwai shugaban asibiti, sama da shi akwai shef distrik na lafiya, akwai ofishin asusun jiha masu biyan kuɗin shek ɗin wanda su ya fi kowa damuwa su ji an karɓi kuɗi a hannun mace a kan abin da za'a sake kawo musu faktir ɗinsa, sannan akwai delege na lafiya na jiha. A gefe kuma akwai kwamitin lafiya na unguwa, COSA, wanda aka kafa dan ya zama bakin jama'a, duk da a wurare da yawa ya koma kwamitin raba gidan sauro da shan shayi. In kuma abin cin hanci ne ƙiri-ƙiri, an ce ka bada kaza ba rasit, hukumar yaƙi da cin hanci CONAC tana da lambar kira kyauta 1517. Ban ce kowace ƙofa zata buɗe ba. Amma ofis baya jin magana, takarda yake ji, kuma takardar ma sai mai kwafi biyu: ka miƙa ɗaya, ɗayar a buga maka hatimi da kwanan wata cewa an karɓa, abin da suke kira desharj. Wasiƙar da ba desharj ranar da ka dawo za'a ce maka ba'a gani ba, kuma baka da bakin magana.

Wasiƙar kanta ba sai ta yi tsawo ba, kuma dan Allah a bar zagi da "kun san ko ni waye". Sunan mara lafiya, lambar shek ko katin CSU, ranar da abin ya faru, me aka hana, nawa aka biya, sannan a faɗi abin da ake nema a fili, a maido kuɗi ne ko a bada dalili a rubuce. A maƙala kwafin komai a riƙe na asali a gida. Kuma rasit ɗin nan na inji mai santsi, a ɗauke shi hoto da waya tun a ranar, dan zafin Garwa na watan Maris da Afrilu yana shanye rubutunsa tas, na sha ganin mutum ya zo da farar takarda yana rantsuwa da akwai lamba a jiki.

Masu inshorar kamfani kuma nasu salon daban ne, su ana hana su da ladabi. Ƙanena yana aiki a wani kamfani da ya yi musu inshora mai ɗaukar kashi 80 cikin 100, shi ya cika 20. Sun je ƙauye gaisuwa ta wajen Gidar yaronsa ya kama suma da dare, suka nufi asibitin da ya fi kusa, ya biya daga aljihu, da ya dawo ya haɗa dosiye sai amsa ta zo masa ta WhatsApp layi ɗaya wai asibitin ba ya cikin waɗanda suke hulɗa da su kuma bai karɓi bon ba, wato takardar izinin kamfanin inshora, kafin a kwantar. Bon da ƙarfe biyun dare! Yace min "Yaya bar su kawai, kar a ce ina da rigima a wajen aiki." Nace a'a, je ka karɓo kwafin kwangilar a ofishin ma'aikata, tunda da sunanka ake biya. Da kyar aka bashi. Muka zauna muka bi ta shafi-shafi, sai ga sakin layi a kan jinyar gaggawa, cewa ana iya zuwa ko'ina in dai an sanar da su cikin 'yan kwanaki kuma likita ya rubuta cewa gaggawa ce. Ya koma ya samo takardar likitan, muka rubuta, aka buga desharj. Sun biya, amma kashi 80 na farashinsu su, ba na abin da ya kashe ba, wannan ma yana cikin kwangilar a wani tebur can baya, tare da plafon, wato iyakar abin da suke biya a shekara, wanda bai taɓa sanin akwai shi ba.

Kamfanonin inshora a Kamaru da Cadi duk doka ɗaya ce take kansu, dokar CIMA, wadda ƙasashe 14 suka haɗu a kai bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992. Abu biyu a cikinta ya kamata duk mai katin inshora ya haddace. Sashe na 8 ya ce duk sharaɗin da zai cire wani abu daga inshora ko ya zubar maka da haƙƙi ba ya aiki sai an rubuta shi da harufan da suka fito ɓaro-ɓaro, kenan in sun ɓoye shi cikin ƙananan rubutu kana da abin kamawa. Sashe na 28 kuma ya ce shekara biyu kake da ita ka nemi haƙƙinka daga ranar da abin ya faru, in ta wuce ya tafi. Shi yasa "muna dubawa, ka dawo" take da haɗari, agogo yana tafiya kai kana zaton ana dubawa. Wasiƙar da aka aika ta gidan waya mai rajista da shaidar karɓa tana katse wannan lissafin, saƙon baki baya katsewa. Sannan kwangilar kanta tana da nata wa'adin na kai takardu wanda ya fi wannan gajarta sosai, shi ake fara dubawa. In kamfani ya toshe kunne, masu sa ido a kansu suna ma'aikatar kuɗi ne, ba ta lafiya ba.

Af, masu cewa ai ina da CNPS: CNPS fansho ce da kuɗin iyali da haɗarin wajen aiki, ba ta biyan jinyar zazzaɓinka.

Wani abin da ya bani mamaki da na fara karance-karance a kan wannan, ashe ciwon ba namu bane mu kaɗai. A Amurka suna da inshorar talakawa ta gwamnati tun 1965, Medicaid, kuma yawancin jihohinsu basa biyan asibiti kai tsaye, kwangila suke baiwa kamfanoni, a biya kamfani kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum duk wata ko ya yi ciwo ko bai yi ba. To ka ga inda riba take, duk yadda kamfani ya rage kashewa ribarsa ƙaruwa take. Wani rahoton masu binciken ma'aikatar lafiyarsu da ya fito a 2023 ya gano cewa a 2019 kamfanonin nan sun ƙi amincewa da buƙata ɗaya cikin kowace takwas da aka nemi izini kafin jinya. 'Yan uwanmu na Yola da Mubi sun san irin wannan da kamfanonin inshorar lafiyarsu da suke kira HMO, mutum yana kwance ana jiran lambar izini ta fito. Mu namu tsarin kishiyar haka ne, ana biya a kan kowane aiki, saboda haka tsoron mai biya shine kar asibiti ya kumbura faktir, sai ya sa mai soke layi. Ko ta ina aka bi dai akwai mai hanawa. Bambancin da ya tsaya min a rai shine su can doka ta tilasta a aiko maka da hanawar a rubuce da dalilinta, kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara wajen kamfanin, su kuma su amsa cikin kwana 30, ko awa 72 in gaggawa ce, in basu gamsar da kai ba ka wuce gaban mai sauraron ƙara na jiha. Kuma duk da haka yawancin waɗanda aka hana basa ɗaukakawa. Balle mu da ake hana mu da baki.

Mu ma ba wai babu doka bane kwata-kwata. In hukuma ce ta yanke maka hukunci, dokar 29 ga Disamban 2006 ta ce kafin ka je kotun gudanarwa, wadda akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundare, dole ka fara rubuta ƙorafi ga wanda ya yanke hukuncin cikin wata uku, in ya yi shiru wata uku ana ɗaukar shirun a matsayin ya ƙi, daga nan kana da kwana 60 ka shigar da ƙara. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wa zai ɗauki lauya saboda jaka goma sha biyu? Wannan hanyar ta mai babban dosiye ce, wanda aka yi wa asarar rai ko ta dukiya mai yawa. Na goggo da irinta, wanda sune dubbai, maganinsu yana ƙasa-ƙasa ne kusa da gida.

Kuma a ƙasar da kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, ɗan abin da aka ce an ɗauke mana bai kamata mu bari ya zube a tsakanin taga da faktir ba. Babban mutum mai hawan jini ko ciwon suga har yanzu da kuɗinsa yake jinya, wannan zagayen farko na CSU bai kai kansa ba, to in na yara da na masu ciki ma muna biya sau biyu me aka yi kenan?

Abin da nake so mu matsa a kai a unguwanni ba mai wuya bane. A manna a bangon kowane asibiti mai karɓar shek jerin abin da yake ciki da wanda ba ya ciki, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, a kuma samu mai karanta wa wanda baya karatu. A ajiye 'yar takarda a taga wadda duk wanda aka hana za'a cike masa, me aka hana, saboda me, wa ya hana. Ma'aikatan kirki wannan kariya ce gare su, dan yanzu zagin da ya kamata ya tafi sama a kansu yake sauka. Masu zuwa taron COSA kuma, in an gama maganar gidan sauro, wani ya ɗaga hannu ya tambayi shugaban asibiti a gaban kowa: wata nawa kuke bin bashin shek, faktir nawa aka soke muku a bana, da wane dalili, kuma kun rubuta kun nemi a sake dubawa ko kuma kun bar shi ya faɗo kanmu. A sa sakatare ya rubuta amsar a littafin taro, a aika kwafi wajen shef distrik, a karɓo desharj.